Gambar da Ba a Mayar Ba

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa na bar Hamsatu a cikin mota kwana uku, to ga ta nan ta sauka lafiya. Ku kuma da kuka riga kuka yanke wa mutane hukunci a sharhi, ku ɗan rage wuta, yau kowa zai samu rabonsa.

*

Da Hamsatu ta sauka daga motar Bagwai ba ta bi hanyar gida ba. Ta rataya jakar kwamfutarta, ta yanki burtali ta nufi gona, tana fatan ƙasa ta ƙaryata abin da ta gani jiya.

Ƙasa kuwa ba ta ƙaryata komai ba.

Gonar gado ce, an raba ta biyu tun Hamsatu ba ta yi wayo ba. Gabas ta mahaifinta Malam Kashim, yamma ta yayarsa Gwaggo Fanta. Babu katanga babu shinge, tushen gamba goma sha biyu ne a jere suka raba su. Ta tsaya a gindin ɗorawar da suka kafa kyamara wata biyar da suka wuce, ta duba. Ranar nan da safe layin gambar ya yi saiti da wata giginya da ke can nesa. Yau ya kauce mata, ya shiga cikin gonar Gwaggo da taku huɗu, tun daga wannan baki har wancan.

Kuma ba sai an faɗa mata wanda ya matsar da shi ba. Ita ce.

Ita da mijinta Nabil suka yi fim ɗin, da kyamararsu da guminsu. Babu furodusa, babu rawa, babu waƙa. Minti ashirin da biyar ne a kan wani mutum da ya matsar da iyaka ya ci gonar 'yar'uwarsa, don ya san babu mai sauraronta. Hamsatu kuwa, Allah ya yi ta da son a ce aikinta ba irin na kowa ba ne, ta rantse ba za ta yi da gambar ƙarya ba. Sai gona ta gaske, sai a haƙe gamba ta gaske a dasa ta gaba a kan idon kyamara.

Wa ta tambaya izini? Babanta. Gwaggo tana Tofa wajen jegon 'yarta, kuma da waya a hannunta, amma darakta mai kare haƙƙin mata ba ta ga dalilin kiranta ba, tunda namijin gida ya ce to.

Sun kori 'yan kallo saboda hayaniya, suka ɗauki abinsu. Ana dasa tushe na ƙarshe hadari ya haɗo, ruwan farko ya tsuge. Kowa ya rungumi na'ura ya yi mota. Baba ya ɗaga musu hannu ya ce su tafi, shi zai mayar da gambar inda take.

Jiya a ɗakin aikinsu na Rijiyar Zaki, Nabil ya jera hoton ranar nan da wanda ya je ya ɗauko da kakar nan don rufe fim. Ya daɗe yana kallonsu. Da yake siriki ne, bai ce uffan a kan Baba ba. Ya dai juyo mata da kwamfutar, ya ce wannan maganar gidansu ce, ya fita wai zai sayo ruwa, bai dawo ba sai magariba.

*

Ta samu Baba a zaure yana ɗinke bakin buhunan gyaɗa. Ya washe baki da ya gan ta, ya ce Mamana ce da ranar nan? Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, shi ya sa shi da Gwaggo ba sa kama sunanta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi Nabil, ya tambayi hanya, ya ce ta yi sa'a, yau ne bayan la'asar za a zauna a gaban mai unguwa Ɗan Iya a kashe maganar ƙarar da Yaya Fanta ta kai shi.

Yadda ya faɗa kai ka ce zancen raɗin suna yake.

Hamsatu ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta buɗe kwamfutar, ta ajiye a kan buhu, ta kunna masa wurin da ba a sa a fim ba, ɗanyen ɗauka tun daga farko. Ga ɗan wasan fim ɗin da fartanya, ga gamba ana tumɓukewa. Sai ga wata murya daga bayan kyamara, tsaf, cike da isa:

"A ƙara matsar da ita gaba. Taku biyu bai isa ba, mai kallo ba zai ga zaluncin ba. A mayar da shi huɗu."

Daga nan ta nuna masa hoton kaka.

Basillar da ke hannun Baba ta tsaya. Hamsatu ta ji kamar ta rufe abin ta ce wasa take yi. Ba ta taɓa tsayar da mahaifinta a kan wata magana ba tunda take, kuma ko yanzu ji take kamar ita aka kama.

"Baba, ka ce za ka mayar."

"Na ce."

Ya soka basillar a jikin buhu.

"Washegari na je da fartanyata, Allah shaida na je. Na tarar ruwa ya daddale su, sun miƙe kamar a nan suka tsiro. Na ce bari ƙasa ta sha iska. Gobe, jibi. Sai ranar huɗa ta zo, shanu suka bi layin da suka gani."

"Shanu, Baba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne a bayan garmar."

Da ya yi mata tsawa da ta fi jin sauƙi. Da ya ce ai tun rabon gado aka ƙware shi, da ta samu abin riƙewa. Amma babu wani tsohon dalili. Mutum ne ya ga taku huɗu a kwance babu mai tsaro, zuciyarsa ta raya masa, ya bi ta. Wannan shi ne mutumin da ake kira ya raba gardama a unguwa, wanda ya sayar da sa ya kai ta jami'a lokacin da dangi ke cewa ɓarnar kuɗi ce.

Sai kuma ya ɗago, ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba. Ya ce shi dai bai tumɓuke ko tushe ɗaya ba, ta sake sauraro ta ji muryar wa ke cewa a ƙara gaba. Ya ce ya ji an gayyace ta Abuja ta nuna fim ɗin, ta tsaya gaban mutane ta yi bayani a kan matan da ake cinye wa gona. To idan wannan maganar ta fita, da wace fuska za ta tsaya? Shi kuma da wace fuska zai shiga sahun gaba a masallaci?

Ya ce ta kwantar da hankalinta, Yaya ta riga ta sauko, da bakinta ta ce za ta janye ƙarar. Shi kuma ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, ruwan farkon baɗi zai mayar da gambar cikin sirri, kuma buhu biyu cikin waɗannan na Yaya ne, zai aika mata a matsayin kyauta. Ƙasa ta koma ga mai ita, babu wanda ya tozarta.

"Abu ɗaya nake roƙon ki, Mamana. Ki bar jakar nan a gida."

Abin takaicin, maganar ta zauna mata. Ta ji ta zauna daram, har wani sanyi ya ratsa ta. Ta rufe kwamfutar, ta ce bari ta shiga ta gaida Gwaggo.

*

Sashen Gwaggo Fanta yana can ƙarshen gidan, inda ta dawo da zama tun rasuwar mijinta. Hamsatu ta yi sallama ta same ta a bakin gado, da tabarau a fuskarta.

Tabaran nan su suka fara tayar wa Hamsatu hankali, don ita ta saya.

Gwaggo ba ta san awon gona da igiya ba, da iri take auna tata. Shekara ashirin da wani abu kwano uku na gyaɗa take shukawa, kuma ƙwayar ƙarshe a gindin gamba take faɗawa. Bana da ta dawo daga Tofa ta tarar ƙaninta ya yi mata huɗa kamar yadda ya saba, ta yi masa godiya, ta yi shuka, sai ga kusan rabin kwano ya yi ragowa. Ta ce gonarta ta ragu. Gida ya ɗauki dariya. Baba ya ce tsufa ne, Yaya ta cika kwanon da yawa ba ta lura ba.

Hamsatu ma da ta zo da damina ta yi tata dariyar. Don ta nuna ita mai tausayi ce, ta ɗauki Gwaggo ta kai ta asibitin ido a birni. Likita ya duba ya ce idon nan ya fi na wasu samarin, amma ta matsa sai da aka rubuta tabarau.

Akwai kuma abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko Nabil. Ranar, suna zaune a layin ganin likita, Gwaggo tana sake ba ta labarin rabin kwano, gambar ta faɗo mata a rai. Baba ya mayar kuwa? Wayarta na hannunta. Ta kalli lambarsa, ta kalli Gwaggo, ta mayar da wayar jaka. Ta ce wa kanta rashin kunya ne ta yi wa mahaifinta irin wannan tambayar. Gaskiyar ita ce amsar ce ba ta son ji, ga fim ɗinta yana tafiya daidai.

Gwaggo ta yi murna da ganinta, ta ce Uwata ce? Ta jawo ta kusa, ta tura mata kwanon dafaffiyar gyaɗa. Sai ta leƙa ƙofa, ta sauke labule, ta rage murya.

Ta ce daman tana son ganinta. Tana so in an kwana biyu ta sake kai ta birni, amma ba wajen masu ido ba, wajen masu duba ƙwaƙwalwa. Kada kowa ya ji.

Hamsatu ta ce me ya samu ƙwaƙwalwar tata?

Gwaggo ta yi ɗan murmushi mai ban tausayi. Ta ce ai an gama magana, kowa ya ce ita ce ta ruɗe, har Uwata mai ilimin boko, to ita wace ce da za ta ƙi? Ta ce satin da ya wuce an kira ta ta auna hatsin bikin gidan liman, kamar yadda ake kiranta shekara da shekaru don awonta ba ya kuskure, ta ce musu zazzaɓi take. Da ta je Tofa aka miƙo mata jikanta, ta ƙi goya shi, tsoro take kada ta ajiye yaron mutane wani wuri ta manta.

"Ko sallah, Uwata, sai in yi ta sau biyu. Ina sallamewa sai in ce anya huɗu na yi? Wadda ta kasa ƙirga kwano uku, ina za ta amince da kanta a raka'a?"

Hamsatu ta ture kwanon gyaɗar gefe.

Gwaggo ta ɗaga katifa ta ciro wani ƙulli a tsumma. Ragowar irin ne, ta adana shi wata biyar don ya zama shaidarta. Ta ce yau za ta kai shi gaban Ɗan Iya ta zube, ta roƙi Kashim gafara a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a ta ɓata masa suna. Yaron da ta goya a bayanta, ta tauna ta ba shi, a ce yau ita ta kira shi ɓarawo saboda kanta ya taɓu. Ta ce kunyar abin ba ta barin ta barci.

Hamsatu ta kalli ƙullin. Ta yi fim na minti ashirin da biyar a kan zaluncin gona, ta karanta littattafai, ta yi hira da mata goma sha huɗu, amma bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ƙasar ita ce ƙaramin abin da ake ƙwacewa. Baba zai iya mayar da gamba baɗi. Buhu biyu za su iya shigowa ɗakin nan. Amma matar da ke gabanta za ta ci gaba da maimaita sallah har ta koma ga Allah, tana zaton hankalinta ya gushe.

Aka kira la'asar. Gwaggo ta miƙe za ta yi alwala, ta ce Uwata ta taimaka ta zauna kusa ta ƙirga mata raka'o'in.

Ta zauna ta ƙirga. Huɗu cif, babu ko gyara.

*

Zauren Ɗan Iya bai cika ba, amma waɗanda ke ciki sun isa su kai magana ko'ina a garin kafin isha. Liman yana nan, da dattawa uku. Baba yana zaune a dama cikin farar rigarsa. Da Hamsatu ta shigo bayan Gwaggo, idonsa bai tsaya a fuskarta ba, kan jakar da ke kafaɗarta ya sauka, ya daɗe a wurin.

Ta zauna a bakin ƙofa, ta rungume jakar. Har a lokacin, wallahi, ba ta yanke shawara ba.

Ɗan Iya ya buɗe da addu'a, ya yi 'yar nasiha a kan zumunci, ya ce ya ji labari mai daɗi cewa Fanta tana da magana. Gwaggo ta gyara mayafi. Ta sauko daga tabarma, ta dafa ƙasa, ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta fuskanci ƙaninta. Ta ajiye ƙullin irin a gabansa.

"Kashim, ni ce babba, amma yau ni ce mai laifi. Tsufa ya taɓa min kai ban sani ba, na ɗora maka abin da..."

Hamsatu ta kalli Baba. Jira take ya ce tashi Yaya. Kalma biyu kawai, da ta yafe masa rabin abin. Sai ya zuba wa tabarma ido.

Ba ta san lokacin da ta zuge jakar ba.

Ta rarrafo tsakiyar zauren, ta ce Allah ya taimaki mai unguwa, a gafarce ta, tana da abin da za ta nuna kafin Gwaggo ta ƙarasa. Ta buɗe kwamfutar ta kunna. Dattawa suka matso. Ga gona, ga ɗorawa, ga giginya can nesa, ga gamba a mazauninta na asali. Sai fartanya ta fara aiki.

Muryar ta cika zauren, kuma babu wanda bai gane mai ita ba.

"Taku biyu bai isa ba, mai kallo ba zai ga zaluncin ba. A mayar da shi huɗu."

Ta nuna hoton kaka. Ta yi bayani kanta a ƙasa: ita ta sa aka tumɓuke, ba ta nemi iznin mai gona ba, ruwa ya kore su, kuma har yau gambar tana inda ta sa aka dasa ta. Ba ta ambaci wanda ya ce zai mayar ba. Ba ta buƙaci ambata ba, don kowa a zauren ya san wanda ya yi huɗar. Liman ya yi salati a hankali. Ɗaya daga cikin dattawan ya ɗan janye gwiwarsa daga kusa da ta Baba, kuma Hamsatu ta gani, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Baba bai musa ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, furfurarsa a waje.

Gwaggo kuwa tana nan a durƙushe, ba ta motsa ba. Ta ce a mayar mata da shi farko. Aka mayar. Ta cire tabaran, ta matso da fuskarta, ta kalla da idonta tun daga tushe na ɗaya har na goma sha biyu, leɓɓanta suna ƙirgawa. Da aka gama ta sauke wani dogon numfashi, ta jawo ƙullin irinta daga gaban Baba ta mayar cinyarta.

"Ashe kwano uku na auna," ta faɗa, ba da kowa take ba.

Hamsatu ta fashe da kuka, ta matso za ta kama ƙafarta. Gwaggo ta janye ƙafar. Ba ta kalli ƙaninta ba ko sau ɗaya, ita ta zuba wa ido, kuma a karon farko tun da aka haife ta ba ta ce mata Uwata ba.

"Ke. Ranar da kika kai ni wajen likitan ido, ina ba ki labarin rabin kwano, na ga kin ciro waya kin mayar. Kin tuna da gambar nan a ranar?"

Babu kyamarar da ta ɗauki wannan ranar. Babu mai shaida sai Allah. Idan ta ce a'a, an gama, ita ce yarinyar kirki da ta tona gaskiya ko da a kan mahaifinta.

"Na tuna, Gwaggo."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta naɗe tabaran ta ajiye su a kan kwamfutar, ta dafa bango ta miƙe da kanta, ta ƙi hannun da liman ya nuna a miƙa mata. Sannan ta juya wajen Ɗan Iya.

"Ranka ya daɗe, ban janye ba. Ƙarar da na kawo da farko ta mutum ɗaya ce. A rubuta ta koma ta mutum biyu."